Muhawara: Turawa sun koyi wasan gargajiyar Sinawa ne, ko abin da suke nema suka gani a cikinsa?

MalaminAdabi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da kusan duk mai koyar da tarihin wasan kwaikwayo yake maimaitawa, cewa wasan gargajiyar Sinawa, musamman wasan Beijing da ake kira Jingju, ya sauya tunanin Turawa game da dandali a ƙarni na 20. Hujjar da ake kawowa ita ce tafiyar shahararren ɗan wasan Jingju Mei Lanfang zuwa Tarayyar Sobiyat a 1935, inda manyan masu shirya wasa irin su Stanislavski da Meyerhold da Eisenstein suka kalle shi a Mosko. Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo Bajamushe wanda a lokacin yana gudun hijira daga Jamus, shi ma yana cikin masu kallo, kuma a 1936 ya rubuta maƙala yana cewa ɗan wasan Sin ba ya narkewa cikin mutumin da yake kwaikwaya, yana tsaye ne a gefe yana nuna shi, don haka ɗan kallo ba ya tafiya da shauƙi, sai dai ya yi tunani. Ni kuwa ina da ja a kan wannan. Brecht ba ya jin Sinanci, kallon da ya yi kaɗan ne, kuma ya riga ya daɗe yana gina wannan ra'ayi tun kafin ya je Mosko. A ganina bai koyi komai daga Mei ba, ya dai samu shaidar da zai jingina abin da ke ransa. Ina son jin ra'ayinku, musamman waɗanda suka taɓa ganin wasan da idonsu.

Ɗalibi_a_Beijing:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Na taɓa shiga gidan wasan Jingju a nan, kuma abin da na gani yana goyon bayanka. Dandalin kusan babu komai a kansa sai tebur ɗaya da kujeru biyu. Ɗan wasa ya fito riƙe da bulala mai tuntaye, ya ɗaga ƙafa kamar mai ɗora ta a likkafa, nan take kowa ya san ya hau doki. Ya kewaya dandalin sau ɗaya, an san ya yi tafiyar kwanaki. Wani ya fito da tutoci huɗu a bayansa, an san sarkin yaƙi ne da rundunarsa. A gefe ga masu kiɗa a fili, mai ganga ne ke ba kowa lokaci, mai ɗan ƙaramin goge mai tsirkiya biyu kuma yana bin muryar mawaƙi. Amma 'yan kallon ba masu zaman nazari ba ne kamar yadda Brecht ya zata. Dattijon da ke kusa da ni ya lumshe ido yana buga yatsu a gwiwarsa daidai da kiɗan, leɓunansa na bin baitocin, kuma duk lokacin da mawaƙiya ta ja murya ta sauke daidai sai ɗakin ya ɗauki kirarin yabo. Wata mata a gabana tana share hawaye da gefen hannun riga. Abin da ya zama baƙo a idon Bajamushe, su da shi suka tashi, kuma yana taɓa zuciyarsu kai tsaye.

Mai_Dandali:
Malam, da kai da ɗalibinmu kun yi wa Brecht tsauri. Ni da nake shirya wasa da matasa na san darajar abin da ya gani. A maƙalar tasa ya yi bayanin yadda Mei ya fito a matsayin 'yar masunci, da ɗan filafili kawai a hannu, babu kwalekwale babu ruwa, amma da lanƙwasar jiki da taku ya sa mutane suka ga kogi da igiyarsa da kwanar da ake sha. Wannan ba ƙirƙirar Brecht ba ce, abu ne da ya faru a gabansa. A lokacin gidajen wasan Turai sun cika dandali da katako da labule da kayan ɗaki na gaske don a ce an kamanta rayuwa, sai ga mutum ɗaya ya nuna musu cewa jikin ɗan wasa ya isa. Ya yi kuskure a kan abin da Basine yake ji in yana kallo, na yarda, amma bai yi kuskure a kan sana'ar ba. Eisenstein ma har ɗaukar wani ɓangare na wasan Mei ya yi a fim don ya yi nazarinsa. Mutum ba ya ɗaukar abin da bai girgiza shi ba.

Inna_Larai:
Ku yi mini haƙuri, 'ya'yana, ni ba fannina ba ne. Mai_Dandali ya ce Mei ya fito a matsayin 'yar masunci. Namiji ne ko mace? Idan namiji ne, me ya hana mata su yi nasu?

Baban_Sadiya:
Inna, namiji ne, an haife shi a 1894 ya rasu a 1961, kuma gidansu gidan 'yan wasa ne tun daga kakansa. Ana danganta farkon Jingju da shekarar 1790, lokacin da ƙungiyoyin wasa daga lardin Anhui suka shiga Beijing don bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80, suka zauna, salonsu ya gauraya da na wasu yankuna. A zamanin daular Qing an hana mata hawa dandalin jama'a a babban birnin, shi ya sa maza suka riƙe rawar mata, har ta zama fanni mai zaman kansa da ake koyo tun ana yaro. Rukunin 'yan wasa huɗu ne: sheng na maza, dan na mata, jing masu fentin fuska, da chou masu ban dariya. Launin fuska ma magana ne, ja na mai amana da jarumta, baƙi na mai gaskiya marar tsoro, fari na maci amana. Kuma dole ɗan wasa ya haɗa waƙa da furuci da motsi da faɗa. Daga baya mata sun shigo, yanzu su ne mafi yawan masu yin rawar dan, har ma akwai wasan Yue na yankin Zhejiang da Shanghai wanda mata ne ke yin rawar maza a cikinsa. Wani abu da Sinawa ke girmama Mei a kai shi ne, da Japan ta mamaye ƙasarsu ya tsayar da gashin baki don kada a tilasta masa yi wa 'yan mamaya wasa, ya yi shekaru bai hau dandali ba.

Inna_Larai:
Na gode, Baban Sadiya, Allah ya ƙara sani.

Ɗan_Damagaram:
Ina ganin mun fara labarin daga tsakiya. Shekara ɗari biyu kafin tafiyar Mosko an riga an yi irin wannan, kuma abin da ya faru a lokacin ya fi ƙarfafa maganar Malam. A 1731 wani limamin Katolika Bafaranshe mai suna Prémare, da ke zaune a ƙasar Sin, ya fassara wasan Marayan Gidan Zhao na Ji Junxiang, wanda aka rubuta a ƙarni na 13, aka buga fassarar a Faris a 1735. Labarin na wani mugun sarkin yaƙi ne da ya ƙarar da zuriyar Zhao, sai jariri ɗaya da wani likita ya ɓoye, ya ba da ɗan cikinsa aka kashe a madadinsa, marayan ya girma ya ɗauki fansa. To Prémare ya zubar da waƙoƙin, ya bar hirar kawai, alhali a irin wannan wasa waƙar ce ke ɗauke da baƙin cikin uban da ya sadaukar da ɗansa. A kan wannan gutsuren marubucin nan Bafaranshe Voltaire ya gina nasa wasan a 1755, ya mai da labarin zamanin Genghis Khan, ya cusa soyayya, ya cire fansar, ya ƙare da mai mamaya yana sallamawa ga ɗabi'un waɗanda ya ci da yaƙi. Darasin da Voltaire yake so ya ba Faransawan zamaninsa ke nan. Sai kusan shekara ɗari bayan fassarar Prémare wani masani Bafaranshe, Stanislas Julien, ya yi cikakkiyar fassara da waƙoƙinta.

Hauwa_Nazari:
Ɗan'uwa na Damagaram ya kawo misali mai kyau, amma a kiyaye kada a haɗa komai a tukunya ɗaya. Marayan Gidan Zhao ba Jingju ba ne, wasan zaju ne na daular Yuan, ya girmi Jingju da wajen shekara ɗari biyar. Ƙasar Sin tana da nau'o'in wasan gargajiya fiye da 300, kowanne da kiɗansa da karin harshensa. Kunqu, wanda ya bunƙasa a daular Ming, hukumar UNESCO ta karrama shi a 2001, wasan Kanton a 2009, Jingju kuma a 2010. Na kawo wannan ne saboda tasirin ya bi hanyoyi biyu daban. Akwai wanda ya bi ta takarda, wato labari aka ɗauka, akwai kuma wanda ya bi ta jikin ɗan wasa. Tambayar Malam a kan na biyun take.

Abu_Sumayya:
Kafin a bar hanyar takarda, Malama Hauwa, akwai misali daga Brecht kansa. Wani wasan daular Yuan na Li Xingdao yana ba da labarin uwargida da ta kashe mijinta da guba, ta ɗora wa amarya laifin, sannan ta ce ɗan amaryar nata ne don ta ci gado. Alƙali Bao ya sa aka zana da'ira da alli, aka tsayar da yaron a ciki, aka ce kowacce ta ja shi waje. Mahaifiyar ta saki hannunsa don kada ya ji ciwo, da haka aka gane ta. Duk wanda ya karanta hadisi zai tuna da hukuncin Annabi Sulaiman, alaihis salam, tsakanin mata biyu da kyarkeci ya ɗauke ɗan ɗayarsu, kodayake ba ina cewa wani ya ɗauko daga wani ba. Julien ya fassara wasan a 1832, marubuci Bajamushe Klabund ya sake shi da Jamusanci, Brecht kuma ya rubuta nasa a 1944 ya kai shi yankin Kaukasus. Amma ya juya hukuncin: a wurinsa mahaifiyar ce mai son dukiya, kuyangar da ta reni yaron cikin wahala ita ta saki hannu, ita aka ba. Wannan mutum ne da ya san abin da ya ara kuma ya sauya shi da gangan. Ban ga rashin fahimta a nan ba.

Na_Fagge:
Ku manyan malamai kuna ta Mosko da Faris, alhali tasirin ya zo mana har gida. Mu da muka tashi muna cika silima a Kano don kallon fim ɗin Chanis, wasan gargajiyar nan muke kallo ba mu sani ba. Jackie Chan da Sammo Hung a makarantar Jingju ta Yu Jim-yuen a Hong Kong suka tashi, a can suka koyi alkafura da faɗuwa da faɗan da ake lissafa kowane bugu. Mahaifin Bruce Lee ɗan wasan Kanton ne. Fim na farko da Sinawa suka yi ma, a 1905, ɗan wasan Jingju Tan Xinpei aka ɗauka yana wasa. Tsayuwar nan da jarumi ke yi cak bayan ya gama kai bugu, yana zare ido, daga dandali ta fito. Yawan mutanen da wannan ya kai gare su ya ninka waɗanda suka taɓa jin sunan Brecht.

Mai_Dandali:
Na_Fagge ya faɗi gaskiya, kuma maganarsa tana taimakona. Waɗanda suka kai wannan salo cikin fim sun bar waƙar, sun ɗauki motsin, kuma Sinawa ne. Me ya sa idan su suka yi haka ake kiransa ci gaba, idan Bature ya yi a kira shi rashin fahimta?

Hauwa_Nazari:
Saboda su ba su rubuta wa duniya bayani cewa ga ma'anar wasan ba, Malam Mai_Dandali. Maƙalar Brecht kuwa ta zama abin da ɗalibai a ƙasashe da yawa suka fara sanin wasan Sinawa ta hanyarsa. Amma akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, wanda nake ganin ya fi komai muhimmanci: abin da Turawa suka kalla, an riga an tace shi domin su. Mei bai tafi da ka ba. Mashawarcinsa Qi Rushan, wanda ya zauna a Turai ya kalli wasanninsu, ya yi shekaru yana shirya tafiyar Amurka ta 1930, ya tanadi littattafan bayani da zane-zanen sutura da na fuskoki. Zhang Pengchun, wanda ya yi karatu a Amurka, ya taimaka wajen tsara abin da za a nuna, aka taƙaita wasannin, aka fifita masu rawa da motsi a kan masu dogayen waƙoƙi, domin an san baƙi ba za su ji harshen ba. Tafiyar ta yi nasara, har jami'o'i biyu a Kalifoniya suka ba Mei digirin girmamawa. Kuma a tuna cewa a gida, tun wajen 1918, 'yan boko masu neman sauyi irin su Hu Shi suna sukar tsohon wasan a matsayin abin da ya tsufa, suna kira a koma ga salon kamanta rayuwa na Ibsen, marubucin wasa ɗan ƙasar Norway. Yabon da Mei ya samu a Niyok da Mosko ya zama makami a hannun masu kare wasan a cikin ƙasar Sin. Don haka kowane ɓangare yana da buƙatarsa a wannan haɗuwa, ba Brecht kaɗai ba.

Baban_Sadiya:
Ƙari a kan maganar Malama, ruwan ya koma inda ya fito. Huang Zuolin, mai shirya wasa a Shanghai, ya yi jawabi a 1962 yana jera Stanislavski da Brecht da Mei a matsayin hanyoyi uku na fahimtar dandali, yana kiran 'yan'uwansa kada su tsaya ga kamanta rayuwa kawai. A 1986 an yi Macbeth na Shakespeare da salon Kunqu a Shanghai, a shekarar kuma Wu Hsing-kuo ya kafa ƙungiyarsa a Taiwan da nasa Macbeth ɗin cikin salon Jingju, inda ya mai da labarin tsohuwar ƙasar Sin. Su ma sun yanke abin da suka yanke daga Shakespeare, sun ƙara abin da suka ƙara.

Zango_Kumasi:
Ni abin da nake so in sani shi ne ko wani abu daga wannan ya iso dandalinmu na Afirka ta Yamma, ban da fina-finan da Na_Fagge ya ambata.

Mai_Dandali:
Ya iso, amma ta hannun Brecht. Wole Soyinka ya yi Opera Wonyosi a 1977 bisa wani wasan Brecht, kuma wasan wayar da kai da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya riƙa kai wa ƙauyukan Zariya ya amfana da ra'ayinsa cewa a bar ɗan kallo ya yi tunani ya sa baki. Sai dai mu ba mu buƙaci a koya mana wasa ba tare da kayan dandali ba. Yaron da ke tashe da azumi ya liƙa auduga a haɓa ya ɗauki sanda ya duƙa, kowa ya san ɗan maƙwabta ne, kowa kuma ya karɓe shi a matsayin tsoho, a yi dariya a ji tausayi a lokaci guda. Sanin cewa wasa ne bai hana ji a zuciya ba. A nan na yarda da ɗalibinmu na Beijing.

Ɗalibi_a_Beijing:
Misalin ya yi ta fuskar ɗan kallo, Malam, amma ta fuskar ɗan wasa akwai tazara mai yawa. Wanda zai yi Jingju yakan fara horo tun yana ƙaramin yaro, ya yi shekaru a kan taku da juyin ido da yadda ake wurga dogon farin hannun riga a dawo da shi, kuma kowane motsi yana da ƙa'idar da malami ya gada daga nasa malamin. Wannan horon shi ne abin da bai taɓa ƙetarawa zuwa Turai ba. Sun ɗauki dandali marar kaya, sun bar shekarun da ke cika shi.

Ɗan_Damagaram:
Akwai kuma batun wa ke cin moriyar aron. A 2012 kamfanin Royal Shakespeare na Ingila ya shirya Marayan Gidan Zhao, aka yi ta ce-ce-ku-ce saboda 'yan wasa uku kacal cikin 17 ne 'yan asalin Gabashin Asiya. 'Yan wasan Birtaniya masu tushe daga can suka ce an ɗauki labarin kakanninsu an bar su a bakin ƙofa. Idan musaya ce ta gaskiya, ai ya kamata mutane ma su ƙetara, ba labari kaɗai ba.

MalaminAdabi:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, Allah ya saka da alheri. Maganar Malama Hauwa game da Qi Rushan ta ƙara wa tambayar nauyi, domin ta nuna cewa Mei ba abin kallo kawai ya kasance ba, shi ma yana da manufarsa. Amma har yanzu ina kan bakana game da maƙalar 1936. Abu_Sumayya ya ce Brecht ya sauya labarin da'irar alli da saninsa, na yarda, wannan haƙƙin marubuci ne, kuma bai ce wa kowa nasa wasan na Sinawa ne ba. Maƙalar kuwa bayani ce a kan wasu mutane, kuma bayanin bai dace da su ba. Ina koyar da ita a aji, amma ina koyar da ita a matsayin shaida kan Brecht.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, idan ma'aunin shi ne sai masu abu sun amince, to su wane ne masu abun? A 1998 Chen Shi-Zheng, wanda a ƙasar Sin aka haife shi kuma a can ya koyi wasan gargajiya, ya shirya Rumfar Furen Peony ta Tang Xianzu, wadda aka rubuta a 1598, dukan fitowa 55 ɗinta, don a nuna a cibiyar Lincoln ta Niyok. Hukumar al'adu ta Shanghai ta hana 'yan wasan tafiya, tana cewa ya ɓata Kunqu da abubuwan da ya ƙara. Sai a 1999 aka nuna shi da wasu 'yan wasan. A 2004 kuma Pai Hsien-yung na Taiwan ya fitar da nasa taƙaitaccen shirin da matasan 'yan wasa daga Suzhou, ya zaga da shi jami'o'i a ciki da wajen ƙasar. Duka ukun Sinawa ne, kuma ba su yarda da juna ba a kan yadda ya kamata a nuna wa baƙi wannan wasa. Wanne daga cikinsu za mu ɗauka a matsayin wanda Brecht ya saɓa wa?

Hauwa_Nazari:
Sun saɓa a kan tsawo da kayan dandali da abin da ya halatta a ƙara, Malam Abu_Sumayya, amma babu ɗayansu da ya ce manufar wasan ita ce a hana ɗan kallo jin tausayin yarinyar da ta mutu saboda ƙauna a cikin labarin. A kan wannan gaɓa kaɗai Malam yake tuhumar Brecht, kuma misalinka bai taɓa ta ba.